Zafin Kano da Akwatin Giya: Dabarun Sanyaya Mai a Motocin Gudu

Da yawa daga cikin akwatunan giyar da ake saukewa a garejojin Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota da ke gefen ganuwar Kano, zafi ne ya ƙona man da ke cikinsu tun haƙoran ƙarfen ba su gaji ba. Akwatin giya, wanda makanikai ke kira giyabos, shi ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi gwargwadon gudu da nauyi. A giyar hannu aikin mai shi ne shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe da kuma kwashe zafi, a giyar atomatik kuwa matsinsa ne ma ke damƙe faya-fayan kuloci har giya ta sauya, saboda haka idan man ya lalace komai ya tsaya.

Man giyar atomatik ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos, idan kuma ya haura 120 sai ya fara dafuwa, jan launinsa ya koma baƙi-baƙi, ya riƙa warin ƙuna, robobin da ke tare shi su bushe. Masana mai suna da ƙiyasin cewa kowane ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanakin mai. Mafi yawan zafin daga kwambata yake fitowa, wato ƙoƙon ƙarfen da ke tsakanin inji da giya, inda fanka ɗaya ke watsa mai ya juya wata, kuma zamewar da ke tsakaninsu ta fi yawa lokacin da mota ke tafiyar hawainiya ko aka taka totur da ƙarfi daga tsaye. Wannan ne ya sa direban da ke kutsawa tsakanin 'yan adaidaita sahu daga Ƙofar Mata zuwa Kasuwar Kurmi a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke kaiwa digiri 40, yake wahalar da giyarsa kusan kamar matashin da ke wasan mota yana juya BMW a fili har tayoyi su yi hayaƙi.

A da matsalar ba ta kai haka ba, domin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da irinta ta lashe tseren Safari a Kenya, yawanci giyar hannu gare ta, wadda haƙoranta ke facal-facal cikin mai suna watsa shi da kansu. Motocin da suka biyo baya ta Kwatano, irin su Honda Accord da Toyota Camry, galibi atomatik ne, kuma sun iso da mai da ya riga ya sha aiki.

Gyaran farko da masu tsere ke yi shi ne ƙara ƙaramin lagireto na mai. A asali man giya yana ratsa wani bututu da ke cikin lagireton mota, ruwan inji ya sanyaya shi, to amma idan ruwan kansa ya kusa tafasa babu abin da zai rage. Sai a ɗauki tiyon da ke fitowa daga lagireto a bi da shi ta ƙaramin, wanda ake kafawa can gaba inda iska ke bugu, sannan man ya koma giya. Ƙaramin lagireto mai jerin faranti ya fi mai lanƙwasasshen bututu kwashe zafi idan girmansu ɗaya. Sai dai a cikin lungunan tsohon birni iskar gudu babu ita, don haka wanda ba a haɗa masa fankar lantarki ba rabin aiki yake yi, ƙurar hunturu kuma takan toshe ramukansa idan ba a wanke su. Tiyon ma dole ya zama na mai, mai jure zafi da matsi, domin tiyon ruwa yakan kumbura ya fashe, giya ta zubar da manta cikin 'yan mintoci.

Akan kuma sauya kaskon da ke ƙasan giya da mai zurfi na alminiyam, wanda ke ɗaukar ƙarin lita ɗaya ko biyu, a sa masa shinge daga ciki don kada mai ya kwarara gefe guda a kwana mai tsanani famfo ya zuƙi iska. A hanyoyin da ke da tudun rage gudu da ramuka, zurfin kaskon na iya zama masifa, sai an yi masa garkuwar ƙarfe. Giyar hannu ta motar tsere kuwa famfon lantarki ake ƙara mata, ya ja mai zuwa ƙaramin lagireto ya dawo da shi kan haƙoran sama.

Abin takaici, ɓarnar da ta fi yawa ba ta da alaƙa da rashin waɗannan kayan. Zuba ruwan rijiya a lagireto yana cinye bututun man giya, ruwa ya gauraya da mai ya zama kamar madara, faya-fayan kuloci su saɓule. Cika mai fiye da alamar sandar gwada mai yana sa shi kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe matsi. Haka nan ba kowane jan mai ne na kowace giya ba: Dexron da kamfanin General Motors ya fito da shi a 1967 daban yake da WS na Toyota da DW-1 na Honda, giya mai bel da ake kira CVT kuma nata man daban ne gaba ɗaya. A giyar hannu, man GL-5 na iya cin zobban tagullar da ke daidaita shigar giya inda kamfani ya ce GL-4. Makanikin da ya san aikinsa yakan fara da ɗaura ma'aunin zafi a tiyon da ke fita daga giya, ya zagaya da motar cikin cunkoson rana, sannan ya zaɓi girman lagireton da zai saya bisa lambar da ya gani.