Jar Ƙasar Birnin Kudu da Tarkon Elektiron

A Dutsen Mesa da Dutsen Habude, kusa da garin Birnin Kudu, akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu, wanda masu bincike suka fara nazarinsa cikin shekarun 1950. Jan launin da aka fi yin irin wannan zane da shi a Afirka daga jar ƙasa yake fitowa, wadda sinadarinta ƙarfe ne haɗe da oksijin. Masana suna kiransa hematayit. Shi ne ya rina marmarar da ɗalibi ke takawa daga Birnin Kudu har Gwaram, kuma ɗan'uwan tsatsar da ke cin fartanya ne.

Abin mamaki, duk da ƙarfen da ke cikinsa, lantarki ba ya ratsa shi sai da ƙyar. Tun 1937 wasu masana biyu na ƙasar Holan, de Boer da Verwey, suka lura cewa sinadarai irin wannan sun saɓa wa lissafin zamanin. Nevill Mott na Ingila, wanda ya sami kyautar Nobel a 1977, ya bayyana dalili: elektiron, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, suna ture juna da ƙarfi ƙwarai a cikinsu. Kamar ɗakin kwana ne da kowa ke kan tabarmarsa, ba mai yarda wani ya raɓe shi, saboda haka ba mai motsawa.

Haske yakan tayar da su. Idan rana ta bugi hematayit, sai elektiron ya yi tsalle daga oksijin zuwa ƙarfe, ya sami 'yanci. Amma na wane tsawon lokaci? Ba agogon da zai auna wannan sai walƙiyar leza ta femtosakan, wato sakan ɗaya da aka raba gida miliyan sau biliyan. Cikin femtosakan 100, haske da kansa ba ya ƙetare kaurin silin gashi. Da irin wannan walƙiya Ahmed Zewail, ɗan Masar, ya ci kyautar Nobel a 1999.

A 2017 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, a Amurka, suka nuna cewa cikin kimanin femtosakan 100 elektiron yakan fara karkatar da ƙwayoyin zarra da ke kewaye da shi, ya haƙa wa kansa rami, kamar babbar mota da nauyinta ya nutsar da ita cikin rairayi.

Nan asarar take. Hematayit yana da arha, yana shan hasken rana sosai, kuma ana fatan amfani da shi wajen raba ruwa a sami iskar haidirojin ta makamashi. A lissafi zai iya juya kusan kashi 15 cikin 100 na hasken, amma abin da ake samu bai ko kusanci haka ba. Shi ya sa masana ke shimfiɗa shi siriri ƙwarai, suna kuma barbaɗa masa kuza ko titaniyam, don lantarkin ya kai ga ruwa kafin ya maƙale.