An Sakar Wa Kasuwa Mara, To Yaushe Hasken Zai Iso Anka, Gummi Da Bukkuyum?

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka rantsar da shi a Abuja, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen Naira 500, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Cikin watan Yuni na 2023 kuma ya sa hannu a kan sabuwar dokar wutar lantarki, wadda ta ba jihohi da kamfanoni damar samar da wuta su sayar.

Ra'ayin Shugaban ba ɓoyayye ba ne. Yana ganin idan gwamnati ta cire hannunta daga ƙayyade farashi, masu jari za su shigo su tace mai a gida, su samar da wuta a gida, har kaya su yi yawa farashi ya sauko da kansa. Gaskiya kuwa akwai abin dubawa a nan. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ta yi shekaru ba ta tace komai ba alhali ana biyan albashi. Matatar Ɗangote da ke Legas, wadda ɗan kasuwa ya gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ta daɗe tana sayar da ɗanyen mai ta sayo tatacce.

To amma, 'yan'uwa, ɗan kasuwa yakan kai kayansa inda akwai hanya, da kwanciyar hankali, da mai kuɗin saye. A yammacin Zamfara duka ukun nan sun yi ƙaranci. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, kamfanin Kaduna ne ke kula da Zamfara tare da Kaduna da Sakkwato da Kabi. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta zuwa Naira 225 kan kowane awo ga waɗanda aka yi wa alkawarin sa'a 20 a rana. Kowa ya iya lissafi ya san inda kamfani zai fara tura wutar da ba ta isa ba: unguwannin masu hali da masana'antu, ba ƙauyen da sai an sha wuya kafin ma'aikaci ya je ya dawo lafiya ba.

Fetur ma haka ne. A 2021, saboda 'yan bindiga, Gwamna Bello Matawalle ya hana sayar da mai a jarka, ya rufe kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya a jihar. Inda tsaro ke iya tilasta irin wannan mataki, maganar kasuwa mai 'yanci sai a hankali. Mai noman rani a fadamar Gulbin Zamfara kusa da Gummi, wanda injin ban ruwansa ke shan fetur, ya biya sabon farashi tun ranar farko. Amfanin da aka ce zai biyo baya kuwa, har yanzu jira yake yi. Shi ya sa manoma da yawa a arewa suka juya injinansu zuwa iskar gas ta girki.

Mutanen Anka da Bukkuyum kuma sun san abin da ke faruwa idan aka bar neman arzikin ƙasa ba mai sa ido. A 2010, lokacin da zinariya ta yi tsada, aka riƙa niƙa duwatsu a cikin gidaje a Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, ƙurar dalma ta kashe yara fiye da 400. Kasuwa ta yi aikinta, an saya an sayar, amma hukuma ba ta kusa. Littafin Firistoci ya umarci mai gona ya bar gefen gonarsa domin matalauci da baƙo. Wato Littafi Mai Tsarki bai hana riba ba, amma ya sa mata iyaka, kuma iyakar ba mai ribar ne ke zana ta ba.

Duk da haka akwai ƙofa ɗaya da ta buɗe, ita ce hasken rana. Farantan sola ba sa jiran turaku daga Gusau, ba sa jiran tankar mai. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna arewa ta yi kwanaki cikin duhu, masu sola ne suka yi wa maƙwabta cajin waya. Dokar 2023 ta yarda mutum ko ƙungiya su samar da wuta har megawat 1 a wuri guda ba tare da lasisi ba, wanda ya fi ƙarfin bukatar kowace majami'a, ko makaranta, ko ɗakin shan magani na ikilisiya.

Saboda haka ya kamata dattawan ikilisiya su ɗauko littafin ma'aji su duba nawa ne ya tafi a man janareta daga cikin baikon bara, su gwada da kuɗin farantai da batir. Su tuna batir yana mutuwa, ana kuma sace farantai, don haka a ware kuɗin gyara da na mai gadi tun farko. Idan an haƙa rijiyar burtsatse mai sola a harabar coci, a sa famfo ɗaya a waje domin maƙwabtanmu Musulmi. Masu neman ƙuri'a kuma in sun zo gaisuwa, a tambaye su wane tanadi gwamnatin Gusau ta yi a ƙarƙashin wannan doka domin ƙauyukan da kamfani ba zai ga riba a cikinsu ba.