Zaɓen Maƙerar Manhaja da Kayan Binciken Kuskure ga Manazarcin Harshe

1.0 Gabatarwa

Manazarcin harshe a yau kan bukaci ya rubuta wa kwamfuta ɗan umurni da kansa, domin ƙidaya kalmomi ko jera su cikin babban matani. Wannan maƙala za ta duba abin da ya kamata ya lura da shi wajen zaɓen maƙera, wato manhajar da ake rubuta umurni a gwada shi a cikinta, da kuma mabiyin sawu, wanda ke gano inda kuskure ya faku.

2.0 Ire-iren Maƙeru

Galibin masu nazarin matani sun fi amfani da harshen Python, wanda tun fitowar zubinsa na 3 a 2008 yake ɗaukar kowane rubutu bisa tsarin Unicode. Maƙerar IDLE tare da shi take zuwa, kuma ba ta wahalar da kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. Jupyter kuwa tana ba da damar gwada umurni guntu-guntu a ga sakamako nan take. Visual Studio Code, wadda Microsoft ya fitar a 2015, da PyCharm sun fi dacewa da aiki mai fayiloli da yawa. Sai dai ƙawar maƙera ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne yadda take nuna wa mai aiki ainihin abin da na'ura ke gani.

3.0 Kuskuren da Ba Ya Ƙara

Kuskure iri biyu ne. Wani yakan tsayar da aiki ya ambaci layin da ya auku. Wani kuwa mugun mugu ne, domin aiki zai kammala lami lafiya amma da alƙaluman ƙarya. Misalai uku sun isa:

(a) Baƙin ƙ gurbi biyu yake ci a tsarin UTF-8. In an karanta fayil da tsarin Windows-1252, sai ya rikiɗa ya koma Æ™.

(b) Wasali mai alamar karin sauti, kamar à, ana iya adana shi a matsayin harafi guda, ko harafi da alama dabam. Ido ba ya bambanta su, amma na'ura kalmomi biyu za ta ƙidaya.

(c) Alamar da ke cikin 'ya'ya tana da siffofi fiye da ɗaya, kuma wasunsu kan sa manhaja ta datse kalmar gida biyu.

4.0 Aikin Mabiyin Sawu

A nan ne mabiyin sawu, irin pdb da ke cikin Python, yake da rana. Manazarci zai dasa matsaya a layin da yake tuhuma, ya bi umurni taki-taki, yana duba lambar kowane harafi. Da zarar ya ga cewa ƙ ba ta ɗauke da lambarta U+0199, ya san ɓarnar tun wajen karanta fayil ta faru.

5.0 Kammalawa

Kafin a amince da kowace maƙera, ya kyautu a gwada ta da ɗan matani mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, 'y da alamun karin sauti, wanda aka riga aka ƙidaya da hannu. In lissafin biyu ya saɓa, a koma ga mabiyin sawu tun kafin alƙaluman su shiga kundin bincike, domin wanda ya dogara da su daga baya ba shi da hanyar gane cewa bara da ɓara aka haɗa masa wuri ɗaya.