Tulin Akuta: Me Ya Hana A Zuba Masa Siminti?

Kawuna magini ne a Damagaram Takaya. Ya fara da tubali da laka tun yana yaro, girma ya zo masa a zamanin bulo, kuma tun daga nan ya sallama wa siminti. Ko maganar aure ake yi, in ya so ya ce abu ya ƙullu, cewa yake "an zuba siminti". Shi ya sa ranar da muka ji a rediyo cewa da yumɓu da duwatsu ake rufe tulin sharar yuraniyom na Akuta, kusa da Arlit, sai ya aje kofin shayinsa.

"Ƙasa? Guba za a rufe da ƙasa? Kai da ka yi boko, je ka bincika mini. In ba rowa ba ce, ka zo ka gaya mini ko mece ce."

Ga abin da ke ƙasa. Kamfanin Cominak ya fara fitar da yuraniyom a Akuta a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Abin da ya rage bayan an niƙe dutse an tace shi ya kai tan miliyan 20, an tula shi a fili mai faɗin eka 120 irin ta Faransa, tsayinsa ya kai mita 35 a wani wurin. Kamfanin Orano na Faransa, wanda a lokacin Cominak ke ƙarƙashinsa, ya ce zai lulluɓe shi da yumɓun dutse da dutsen yashi, kaurin mita 2. Yawancin tururin nukiliyar da ke cikin dutsen tun asali yana nan cikin wannan shara, don yuraniyom kaɗai aka cire, 'ya'yansa da jikokinsa duk an bar su.

Da na fara dubawa, sai zargin Kawu ya ƙara ƙarfi. A Faransa, ƙasar masu kamfanin, akwai ma'ajiyar sharar nukiliya a yankin Aube, wadda aka buɗe a 1992. Can ana dama shara da siminti cikin ganguna, a jera gangunan cikin manyan ɗakunan kankare, a cike tsakaninsu, a rufe. Kuma suna da dalili: ruwan da ke maƙale cikin siminti yana da kaifin toka ƙwarai, kuma cikin irin wannan ruwa ƙarafa da yawa masu tururi ba sa narkewa, sai su daskare inda suke. Ashe siminti bango ne, kuma tarko ne. To me ya sa na Bature ya samu siminti, namu ya samu ƙasa?

Na koma wurin Kawu da lissafi. Eka 120 sau mita 2, kubik miliyan 2 da dubu 400 ke nan. Na ce, "Kawu, buhu nawa kuke sa wa kubik ɗaya in kuna son kankare na kirki?" Ya ce shida. Ya kama buhu miliyan 14 da ɗoriya, wato abin da ya ɗara duk simintin da masana'antar Malbaza za ta iya fitarwa a shekara guda. Ga ruwan kwaɓi a tsakiyar hamada. Na ɗauka na gama da shi. Dariya ya yi.

"Shekara guda ta Malbaza? Su da suka kwashi arziki shekara 40 da wani abu? Wannan ba amsa ba ce, ɗana. Koma."

Gaskiyarsa. Tsada tana cikin maganar, amma ba ita kaɗai ba ce.

Zaren farko da na kama, wata tsohuwar ɓarna ce a Amurka. A garin Grand Junction na jihar Kolorado, wata matatar yuraniyom ta riƙa barin magina suna kwasar irin wannan shara kyauta tun shekarun 1950, don ido ba ya bambanta ta da yashi mai laushi. Aka yi ciko da ita ƙarƙashin ɗakuna, aka kwaɓa siminti da ita. Sai a 1966 aka farga. Daga baya wurare fiye da 4,000 aka bi aka tone. Simintin ya kama yashin gam, amma bai hana wani abu fita ba. Iska ce mai suna radon, ba launi ba wari, wadda ke fitowa daga radiyom ɗin da ke cikin sharar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin manyan masu jawo sankarar huhu, bayan taba. Tarkon siminti na ƙarfe ne. Iska kuwa tsaga take nema, kuma wane magini ne zai rantse cewa daɓen eka 120 ba zai tsage ba, a wurin da rana ke gasa shi, sanyin dare ya ƙanƙance shi?

Mutanen Arlit ma sun ɗanɗani irin wannan. A 2007 cibiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, ta fallasa cewa an yi cikon wasu titunan Akokan, kusa da Arlit, da duwatsun rami masu tururi. Ƙungiyar Greenpeace ta sake aunawa a 2009 ta tarar da saura.

Zare na biyu Kawu ne da kansa ya miƙo mini, bai sani ba. Ina gaya masa cewa da ruwan asid na farar wuta, irin na batirin mota, ake tace yuraniyom a Arlit, sai ya tare ni: "Tsaya. Yana barin gishiri?" Na ce yana bari, mai yawa. Ya girgiza kai. Ya ce duk maginin da ya taɓa aiki a ƙasa mai kanwa ko da ruwan zartsi ya san gindin bango ke fara ruɓewa, shafe ya yi fari, ya kumbura, ya riƙa zuba kamar garin rogo. Abin da masana suka rubuta ke nan da dogon Turanci. Gishirin farar wuta yana shiga siminti ya haifi wasu ƙwayoyi masu neman wuri fiye da inda suka samu, su fasa shi daga ciki. Akwai simintin da aka yi don jure wannan, amma jurewa yake, ba ya gagara har abada.

A nan Kawu ya fara sassautowa, sai dai bai sauka ba. Ya ce to ai Faransawan ma sun san da haka, me ya sa suke amfani da shi?

Amsar tana cikin shekaru. Sharar da ake kaiwa Aube mai gajeren rai ce, kayan aiki da tufafi da matatai daga tashoshin lantarki. Yawancin tururinta yana raguwa da rabi cikin shekara 30 ko ƙasa da haka, shi ya sa aka tsara gadin wurin na shekara 300. Siminti zai iya wannan zaman. Sharar Akuta kuwa rauninta ya fi na waccan in aka auna kilo da kilo, amma ranta ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Radiyom sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya tafi. Toriyom ɗin da ke haifar da shi, kimanin shekara 75,000. Simintin da Kawu ke rantsuwa da shi kuwa, a 1824 wani magini ɗan Ingila, Joseph Aspdin, ya yi masa rajista. Shekara 200 kacal muke da shaidarsa a hannu.

Yumɓu fa? A Oklo ta ƙasar Gabon, an gano a 1972 cewa wutar nukiliya ta taɓa kunna kanta cikin ƙasa kusan shekara biliyan 2 da suka wuce, kuma da yawa daga tokarta ba ta yi nisa da inda aka haife ta ba, tana kewaye da yumɓu. Su kansu Faransawa, da suka tashi neman wa shararsu mafi haɗari makwanci, Bure suka nufa, zurfin mita 500, cikin yumɓun dutse. In yumɓu ya samu laima, tsagarsa kan koma ta haɗe. Kuma radon gajeren rai gare shi, rabinsa kan mutu cikin ƙasa da kwana 4. Ba sai an toshe shi ɗungurungum ba. A dai jinkirta shi cikin kaurin ƙasa, yawancinsa zai mace kafin ya ga rana.

Na zayyana wa Kawu duk wannan ina jin kaina. Ya yi shiru yana juya shayi. Can ya ce, "Na yarda, ba rowa kaɗai ba ce. Amma ka ce in ya samu laima. A Arlit?"

Ban da abin cewa. Ni a ganina ma nan ne inda maganar ta fi rauni, don yumɓun da ya bushe ƙayau tsagewa yake kamar gindin tabki da bazara. CRIIRAD ta daɗe tana cewa mita 2 ba za su jure iska da ambaliya na dubban shekaru ba, kuma rufin sama bai amsa tambayar ruwan ƙarƙashin ƙasa da mutanen gari ke sha ba.

Kawu ya ce in tuna ganuwar Birni a Damagaram, wadda Sarki Tanimu ya kewaye gari da ita a tsakiyar ƙarni na 19. Da ƙasa aka yi ta, ta tsaya muddin ana bin ta da yaɓe. Yau sai guntaye nan da can. Fadar sarki kuwa tana tsaye, don ba a daina taɓa ta ba.

"Saura tambaya ɗaya," in ji shi. "Shekara dubu nawa ka ce?"

"Saba'in da biyar, Kawu. Rabi ke nan."

"To ka bincika mini wa aka ba yaɓen." Ya ɗauki cokalin gininsa ya fita, akwai katangar maƙwabci da damina ta cinye wa gindi.