Ga Rana Ga Sola, Amma Mita Na Cin Kuɗi A Minna

Da yawa cikin 'yan'uwanmu masu neman abinci a Ikko da Badun sun aika da kuɗi Minna an kafa wa iyali wutar sola, don a huta da ɗaukewar wuta, ko da yake ga madatsar Shiroro kusa da gari tun 1990. Wata bai ƙare ba sai ga waya daga gida, wai katin mita ya ƙare.

To, mai karatu, kada ka yi saurin zargin maƙwabci da satar wuta. Galibi laifin yana cikin inbata. Da yawansu an saita su tun daga kamfani su fara jan wutar NEPA. Sai mai haɗawa ya juya ta zuwa SBU, wato rana, sannan batir, NEPA daga ƙarshe. Akwai kuma saitin caji, wanda aka fi mantawa da shi. In ba a mai da shi kan rana kaɗai ba, da an kawo wuta cikin dare inbata za ta yi ta ɗura wa batir da kuɗinka.

Ƙurar hunturu a kan faranti da tsufan batir su ma sukan tura ta NEPA, haka nan dutsen guga in ya fi ƙarfinta.

Da tsakar rana a kashe makunnin da ke kai NEPA cikin inbata. In mita bai tsaya ba, akwai layin da bai bi ta inbata ba, mai wayarin za a kira.