Hular Kwano da Masu Cewa "Ai Kaina Ne"

Duk lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce za ta dawo da kamen masu hawa babur ba hular kwano, sai tsohuwar gardama ta tashi a majalisu da teburan mai shayi. Haka aka yi a watan Janairun 2009 da aka soma tilasta dokar. A Kano har an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya ko robar fenti a ka sun ɗaure da igiya, fasinjoji kuma suka yi ta yaɗa cewa ana binne asiri a cikin hular, da ka sa sai hankalinka ya gushe. Wannan jita-jita ta kwanta. Tunanin da ya haifi ƙwaryar dai yana nan: wai amfanin hular shi ne a rufe kai da wani abu mai tauri.

Ƙoƙon kan ɗan Adam ai yana da taurinsa. Matsalar tana daga ciki. Ɗauki awara guda ka saka a roba mai ruwa, ka rufe, ka buga ta da bango. Robar ba za ta fashe ba, amma buɗe ka ga awarar. Haka ƙwaƙwalwa take, mai taushi ce, tana shawagi cikin ruwa. Idan kai ya daki kwalta, ƙashi yakan tsaya nan take, ita kuwa ta ci gaba da tafiya har ta bugi bangon ƙoƙon daga ciki, jijiyoyin jini su tsinke. Shi ya sa za ka ga mutum ya faɗi, ya miƙe ya kakkaɓe riga yana cewa ba komai, da daddare ya kama amai da magagi, kafin asuba a rasa shi. Jini ne ke taruwa a inda ba shi da hanyar fita.

Abin da ke ceton rai a hular kwano ta gaske shi ne farin soson nan mai kauri da ke ƙarƙashin ɓawonta. Yakan murƙushe a hankali, ya sa kan ya tsaya sannu-sannu, bugun ya ragu kafin ya kai ciki. Hular leburorin gini da wasu ke sawa don su wuce shingen jami'ai ba ta da shi. Hular da ba a ɗaure maɗaurinta a haɓa ba kuwa takan rabu da kai tun kafin a kai ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da tana sheƙi.

Wani zai ce, "Nan kusa zan je, a hankali nake tafiya." Kan mai babur yana wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Faɗowa daga nan kaɗai, ko babur na tsaye, yakan sa kai ya isa ƙasa da gudun kusan kilomita 20 a awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari.

Masu cewa in kwana ya ƙare hula ba ta hanawa, gaskiya ne ajali ba ya jira. Sai dai Manzon Allah (SAW), wanda ya fi kowa tawakkali, ya sa sulke biyu ranar Uhudu, ya kuma shiga Makka ranar da aka ci ta da kwalkwali a kansa. Sannan ba kowane bugu ne ke kashewa ba. Wani yakan bar magidanci kwance shekaru, ba baki ba ƙafa, matarsa na juya shi, an sayar da gona ana neman magani.

Maganar 'yanci ta masu cewa "ai kaina ne" ba ta banza ba ce. A Amurka jihohi da dama sun bar wa baligi zaɓi. Florida ta yi haka a 2000, da sharaɗin ya haura shekara 21 kuma yana da inshorar jinya, mace-macen masu babur kuma suka ƙaru bayan nan. Mu a nan inshorar mutum danginsa ne. Kuma kan mai tuƙi ba shi kaɗai ne a kan babur ba: ga yaro a kan tanki, ga biyu a baya da jakunkunan makaranta, ga uwarsu da goyo. Wa ya tambaye su?

Koke-koken zafi da tsada da ƙyamar hular da kowa ke sawa duk gaskiya ne, kuma a nan nake ganin hukumomi sun gaza. Ƙarfinsu ya tafi kan tara a bakin titi, alhali kasuwa cike take da hulunan bogi marasa soso. Kamata ya yi Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta tare su tun daga tashar jiragen ruwa, a rage harajin masu kyau masu ramukan shan iska, a kuma wajabta wa dillali ya haɗa babur da hula biyu. Kai kuma mai babur, kafin ka biya kuɗin hula, zura hannu ciki ka danna. In ba ka ji soso mai kauri da tauri ba, ajiye ta ka nemi wata.