Kiwon Zomo a Gida: Wa Zai Ɗauki Asara In Ta Zo?



Kwanan baya na kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci a cikin ƙasar Gaya. Da aka tashi karatu, sai wata uwargida ta ja ni bayan ɗakinta, ta nuna mini akurkin zomayenta. Dā zomaye 14 gare ta. Ta sayo namiji ɗaya a kasuwa, ta zuba shi cikinsu. Kafin mako ya zagayo, saura biyu. Da kuɗinsu ne ta yi niyyar saya wa ƴaƴanta littattafai da tufafin makaranta. Ta ce mini: "Malam, mai mota yana da takardar da ke tsaya masa in ya yi haɗari. Mu masu zomo, wa zai tsaya mana?"

Tambayar tana da nauyi, shi ya sa muka kawo ta wannan shafi.

Me ya sa zomo ya cancanci kulawa?

Ƙasar Gaya ta fi sauran sassan Nijar samun ruwan sama. Muna da kogin Kwara, muna da fadamu da garake. Ganyen dankali, harawar wake, harawar gyaɗa da dusa ba su yi mana wuya ba, kuma su ne abincin zomo. Zomanya tana ɗaukar ciki kamar kwana 31, ta haifi ƴaƴa 5 zuwa 8. A wata na biyar ko na shida, ƴaƴan su ma sun isa haihuwa. Wanda bai da kuɗin akuya yana iya farawa da zomo. Amma dabbar da ke saurin yaɗuwa tana kuma saurin ƙarewa, in ciwo ya shiga.

Mene ne inshora?

Inshora, wadda wasunmu ke kira asurans, yarjejeniya ce. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan wuri ɗaya. Wanda asara ta faɗa wa, sai a biya shi daga cikin abin da aka tara. A ƙasar Suwidin an fara yi wa kare inshora tun 1924. A Ingila mutane suna ajiye zomo cikin ɗaki kamar yadda muke ajiye kyanwa, suna biyan kamfani kuɗi kowane wata. In zomon ya yi ciwo, kamfani ya ɗauki kuɗin likita.

Amma ko a can ba a biyan kowace asara. Kamfani ba ya biyan ciwon da dabba take da shi tun kafin a sa hannu. Ba ya biyan ciwon da ke da allurar rigakafi, in mai dabba ya ƙi yin allurar. Akwai kwanakin jira a farko. Akwai kuma wani kaso da mai dabba zai biya daga aljihunsa.

Saboda haka, in wani ya kawo muku takarda ya ce zai tsaya wa dabbobinku, ku yi masa tambayoyi biyar:

1. Nawa zan biya, kuma yaushe?
2. Wace asara za a biya: ciwo, mutuwa, sata ko gobara?
3. Wace asara ce ba za a biya ba?
4. Wa zai zo ya shaida asarar, kuma cikin kwana nawa za a biya?
5. Ina ofishinku, kuma ina takardar izinin hukuma?

Kada ku dangwala yatsa a takardar da ba ku karanta ba. In da faransanci aka rubuta ta, ku kai wa malaminku ya fassara muku. Nan ne amfanin karatunku yake.

Asusun masu zomo

A wajenmu zomo ba ɗan gata ba ne, jari ne na mai ƙaramin ƙarfi. Hanyar da ta fi kusa da mu ita ce mu kafa asusu da kanmu. Ba baƙon abu ba ne. Mun san adashi. Mun kuma san haɓɓanaye na Fulani, inda ake ba wanda ya rasa dabba aron mace, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar.

Ga misali, ku ɗauki alƙalami ku bi lissafin. Mutum 10 sun haɗa kai. Kowa yana da zomanya 3, ya zama 30. A kan kowace zomanya ana zuba dala 20 a wata. Dala 20 sau 30 ya zama dala 600, wato jika 3. A shekara asusu ya tara jika 36. Ku ne za ku tsai da naku adadi daidai ƙarfinku.

Asusu ba ya tsayawa sai da doka. A zaɓi shugaba, da ma'aji, da magatakarda wanda ya iya rubutu. A rubuta sunan kowa da yawan zomayensa a littafi. Sabon shiga ya yi wata biyu yana zubi kafin ya ci moriya. In zomanya ta mutu, mutum biyu su je su gani da idonsu a ranar. Asusu ya biya kashi biyu cikin uku, mai dabba ya ɗauki kashi ɗaya, domin kada wani ya yi sakaci yana cewa ai za a biya. Wanda ya bar akurki buɗe kare ya shiga, ba shi da haƙƙi.

Akwai wani abin lura. In annoba ta shiga gari, duk gidaje ne za su yi asara lokaci ɗaya, kuma jika 36 ba za ta ishi kowa ba. Don haka ya fi kyau ƙungiya ta haɗa mutanen unguwanni ko ƙauyuka dabam-dabam. Gidan da ciwo bai kai ba sai ya ba da aron zomanya ga wanda aka share. Sa'an nan a ware wani kaso na asusun don allura da magani tun lafiya lau.

Ciwon da ya fi muni

Akwai wani ciwo na zomaye mai sa zubar jini a cikin jiki. An fara ganinsa a ƙasar Sin a 1984. Ya ɓulla a Benin a 1995, an kuma tabbatar da shi a Najeriya a 2020. Mu da muke tsakanin Malanbil da Kamba, dole mu buɗe ido. Zomo yana cin abinci da yamma, da safe a tarar ya mutu, wani lokaci da jini a hanci. Ciwon ba ya kama mutum. Ba shi da magani, amma yana da allurar rigakafi. Ƙwayar cutar tana daɗewa a jikin akurki, da tufafi, da kwanon abinci, ƙudaje ma suna ɗaukarta.

Sauran cututtukan da aka saba gani su ne zawo, wanda ke kashe ƙanana bayan yaye, da ƙazwa ta kunne da hanci. Waɗannan suna jin magani in an kai wa ma'aikacin kiwo da wuri.

Rigakafi ya fi magani

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin ya kai kasuwa sai an yi masa wahala, ga ta kamar haka:

Sabon zomo a ware shi kwana 30, nesa da sauran, da kwanonsa dabam. A ba shi abinci bayan an gama da na gida, sa'an nan a wanke hannu.

A ɗaga akurki daga ƙasa kamar tsayin ƙugu. Ƙasansa ya zama mai ƴan ƙofofi, yadda kashi da fitsari za su zube. A sa ƙafafunsa cikin gwangwani mai baƙin mai saboda kwarkwasa. A toshe hanyar ɓera, da gafiya, da maciji.

Zafi makashin zomo ne, musamman a bazara. A ajiye akurki a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada ruwan sha ya yanke. Masu cewa zomo ba ya shan ruwa sun yi kuskure.

Ɗanyen ganye a bar shi ya ɗan sha iska kafin a ba su. Kada a ba su abin da ya yi fumfuna, ko ciyawar gonar da aka yi wa feshi.

Kada ku sayi ƙwayoyi a tebur ku ɗura wa zomo. Amfisilin da amoksisilin, waɗanda ke warkar da mutum, suna lalata hanjin zomo har ya mutu.

In zomaye suka fara mutuwa a jere, kada ku kwashi sauran ku kai kasuwa, domin ciwon za ku kai wa ɗan'uwanku. Ku binne matattun a rami mai zurfi. Ku wanke akurki da kwanoni da ruwan jabel. Ku sanar da ma'aikatar kiwo a ranar.

Ita uwargidan da na ba ku labarinta, namiji ɗaya ne da ba a ware ba ya jawo mata wannan rashi. Da ta ware shi, da wataƙila shi kaɗai za ta rasa. Da kuma tana cikin asusu, da ta samu zomanyar da za ta sake tashi da ita.

Aikin aji

Ku tattauna da malaminku: Mutum nawa ne ke kiwon zomo ko kaji a garinku? In kowa ya zuba dala 10 a kan kowace uwa, nawa za ku tara a wata shida? Wa kuka amince ya riƙe littafi? Ku rubuto mana amsarku da hannunku.

Allah ya sa albarka a cikin kiwonmu, amin.